Injin Niƙa Ya Zo, Ina Waƙar Niƙa Ta Tafi?

 Da fatan jarrabawar ƙarshen zango tana tafiya daidai, Allah ya ba da sa'a. Tun da hutu ya ƙarato, yau wani aiki muka zo mu ba ku. Kada gabanku ya faɗi, babu lissafi a ciki, kuma babu mai yi muku bulala idan ba ku yi ba. Sai dai ku bari mu fara ba ku labarin yadda aikin ya kayar da mu.

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na Adabin Baka a jami'a ya ce kowa ya tafi garinsu ya kawo waƙoƙin aiki na mata guda biyar, wato irin waƙar niƙa da ta daka da ta daɓe da ta raino. Da muka ji haka sai muka yi murmushi. Mu da muka tashi a Kongolam, garin da ko'ina ka juya ga gero ga tsofaffi, ai kafin la'asar mun cika littafi. 'Yan ajinmu da suka girma a cikin birni har roƙonmu suka riƙa yi mu tsakuro musu.

Muna isa gida muka fara da ƙannenmu mata da ƙawayensu, 'yan aji biyu zuwa aji biyar na sakandare. Muka tara su wajen su goma a tsakar gida. Waƙar fim kam, duk wadda ka ɗauko za su kai ta ƙarshe, har da inda mawaƙin yake jan numfashi. Da muka ce waƙar niƙa, sai suka kalli juna. Ɗaya ta tambaye mu ko mai injin niƙan bakin tasha ne ya fara waƙa. Ba mu yi mata dariya ba, domin mu ma da muke tambayar ko ɗango ɗaya ba mu sani ba. Iyayenmu mata suka ce sun ji ana yi suna yara, karin yana kunnensu, amma kalmomin sun ɓace musu. Duk wadda muka tambaya sai ta ce mu je wurin Kaka.

Kakarmu ta wajen uba ta haura shekara tamanin a lissafinta na damina. Da muka gaishe ta muka faɗi abin da ke tafe da mu, ta daɗe tana dariya, sannan ta ce, “Ke kishiya, yanzu bokon naku har ya kai a aiko ki neman waƙar niƙa? To ai ba a yin ta a zaune. Kawo mini dutse.” Muka ɗauka tsokana ce irin ta kaka da jika. Ashe da gaske take. Ta gwada daga zaune a kan tabarma, ta fara ta tsaya, ta sake farawa ta tsaya, abu ya ƙi. Sai da muka zagaya bayan ɗaki muka tono dutsen niƙan gidan, wanda shekara da shekaru kaji ke shan ruwa a kwarminsa, muka wanke shi, muka lalubo ɗan dutsen a ƙarƙashin rumbu, muka zuba mata gero. Tana durƙusawa ta tura dutsen sau uku, sai waƙa ta zo da kanta.

Ta yi biyu cikakku. Ta ukun ta ɗauko farkonta, ta san ƙarshenta, amma tsakiyar ta ƙi zuwa. Ta yi shiru can, sannan ta ce wadda ta fi ta sanin wannan waƙa ƙawarta ce da aka aurar a tsallaken iyaka, kuma Allah ya yi mata rasuwa bara. Haka muka koma makaranta da waƙa biyu da rabi maimakon biyar. Makin da muka rasa bai dame mu ba kamar rabin nan da ya ɓace.

Abin da muka gane a gaban dutsen nan shi ne, waƙar a jikin aikin take. Turawa da jawowar dutse su ne kiɗanta, su ke gaya wa mai niƙa inda za ta ja murya da inda za ta numfasa. Haka daka yake: mata biyu ko uku a turmi ɗaya suna lugude, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, wata har ta jefa taɓarya sama ta tafa ta cafe, duk ba a kuskure ba. Haka daɓe yake, in an yi sabon ɗaki matan unguwa su taru da madaɓai suna bugun ƙasa baki ɗaya, jagora tana bayarwa ana amsa mata. Ita kuma gaɗa, gidanta dandali ne a daren farin wata.

To yanzu ku duba. Niƙa ya koma inji. Surfe ma a wurare da yawa inji ke yi. Siminti da tayil sun kori daɓe. Dandali kuwa, tsakanin karatun dare da kallon fim da waya da tsoron da iyaye ke yi wa dare a wannan zamani, ya zama fili kawai da awaki ke kwana. Kada ku ɗauka kuka muke yi a koma niƙan dutse. Mun ga tafin hannun Kaka, mun ga yadda sai da aka kama ta ta miƙe daga durƙuson minti goma. Injin niƙa rahama ne, kuma duk wanda ya ce a dawo da dutse, a ba shi tiya biyu ya niƙe kafin gari ya waye mu gani. Maganar dai ita ce, aikin ya tafi da waƙarsa a hannu, mu kuwa ba mu tsaya mun karɓe ta ba.

Za ku ce, to mene ne a cikinta har da za a damu? Waƙa biyu da rabin nan mun zauna mun rubuta su, muka tarar da abin da ba mu zata ba. Akwai habaici ga kishiya da uwar miji, irin wanda mace ba ta isa ta faɗa da fatar baki ba, amma in ta sa shi a waƙa tana niƙa da asuba, kowa ya ji kuma babu mai cewa ta yi rashin kunya. Akwai kewar gida ta yarinyar da aka kai aure nesa tana ƙarama. Akwai sunayen garuruwa a jere, wasu a Najeriya wasu a Nijar, an ambace su kamar unguwannin gari ɗaya, domin masu waƙar ba su san da wani shinge tsakanin Kongolam da Dan Barto ba. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata wannan iyaka a farkon ƙarni na 20, alhali auratayya tsakanin ƙasar Daura da ta Damagaram ta girme ta nesa ba kusa ba. Akwai kuma ambaton wata shekarar yunwa da aka ci abin da ba a saba ci ba. Hausawa sukan raɗa wa irin waɗannan shekaru suna, kamar Kakalaba ta wajejen 1914, kuma sau da yawa a bakin tsofaffi kawai ake jin yadda talaka ya ji a jikinsa. Sannan mun tsinci kalmomi huɗu da ba mu taɓa ji ba, biyu daga ciki ko a ƙamus ɗin ɗakin karatunmu ba mu gan su ba.

Mu mutanen ƙasar Daura ba baya ba ne wajen riƙon tarihi. Ɗan firamare ma ya san rijiyar Kusugu da Bayajidda da Daurama. Duk wanda ya taɓa zuwa Sallar Gani ya ji tambari da kakaki da algaita, ya ji kirarin sarakuna da ake ta maimaitawa tun kaka da kakanni. Kiɗan fada yana da masu gadonsa, yana da ranakunsa, yana da mai ciyar da shi. Manyan mawaƙa su ma sun tsira, domin zamanin rediyo da faifai da kaset ya riske su. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Dokta Mamman Shata a 1999, Hajiya Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015, amma yau ka shiga kowace tasha za ka ji muryar ɗaya daga cikinsu tana tashi a shagon mai tura waƙoƙi. An yi littattafai a kansu, kuma masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun shafe shekaru suna tattara tarihin makaɗa da mawaƙa. Waƙar da ba ta da gata ita ce wadda ba a san mai ita ba, wadda ba a taɓa biyan kowa ya yi ta ba, wadda ba ta taɓa fita ƙofar gida ba. Ita ce ta Kaka.

Da muka kai wa malaminmu wannan kuka, bai ce mana komai ba sai ya ce mu je mu karanta abin da mutanen Rasha suka yi da waƙoƙin ƙauyukansu. Muka ce a ranmu, ina ruwan biri da gada? Ƙasar ƙanƙara ina, Kongolam ina? Da muka karanta sai jikinmu ya yi sanyi, domin ciwon iri ɗaya ne, sai dai su sun farga da wuri.

Bari mu fara da abin da kuka sani. Wasunku sun taɓa buga wasan nan na jera bulo a waya, wato Tetris, wanda wani ɗan Rasha mai suna Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980. Kiɗan nan mai sauri da aka fi sanin wasan da shi tun fitowarsa a na'urar Game Boy a 1989, karin wata tsohuwar waƙar Rasha ne. Kun san a kan me take magana? A kan ɗan koli ne da ya buɗe akwatin hajarsa yana ciniki da wata budurwa. Asalinta rubutacciyar waƙa ce ta wani marubuci, Nikolai Nekrasov, da aka buga a 1861, jama'a suka ɗauka suka sa mata kari har ta zama tasu. Ɗan koli da budurwa! In ba a faɗa maka ba sai ka ce a kasuwar Mai'aduwa aka yi ta ranar Lahadi.

Wadda ta fi kama da matsalarmu ita ce ta masu jan jirgi. Kafin jiragen ruwa masu inji su yawaita a kogin Bolga, wanda ya fi kowane kogi tsawo a Turai, mutane ne ke jan manyan jiragen kaya da igiya. Talakawa ne 'yan ci-rani. Sai su ɗaura ɗamara a ƙirji, su bi gaɓar kogi a ƙafa, suna ja ruwa yana ja. Suna da waƙoƙin da suke haɗa ƙarfi da su, jagora ya bayar, in an zo amshi kowa ya ja lokaci guda, kamar dai yadda gangar noma take haɗa hannun 'yan gayya a gona. Wani masanin kiɗa mai suna Mili Balakirev ya bi kogin a farkon shekarun 1860 yana saurare yana rubutawa, ya buga littafin waƙoƙi 40 a 1866, har da ta masu jan jirgin. Jirgi mai inji ya zo ya kashe sana'ar kamar yadda injin niƙa ya kashe niƙan dutse. Amma da yake an riga an rubuta waƙar, sai ta bar masu ita a kabari ta ci gaba da yawo. A 1941 wata ƙungiyar makaɗa ta Glenn Miller ta buga ta har ta zo ta ɗaya a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Amurka.

Sai kuma labarin da ya fi taɓa mu, na wata tsohuwa Irina Fedosova. 'Yar ƙauye ce a arewacin Rasha, ba ta iya karatu ba balle rubutu. Gwanintarta waƙar kuka. A al'adarsu, in an yi mutuwa, ko za a kai amarya gidan miji, ko an ɗauke saurayi aikin soja a zamanin da aikin yakan ci wa mutum shekara ashirin ko fiye, sai a kira mace irinta ta rera abin da ke zuciyar masu gida. A 1867 wani malami, Elpidifor Barsov, ya gamu da ita, ya zauna yana rubuta abin da ke fitowa daga bakinta har layi wajen 30,000, littafin farko ya fito a 1872. Ta rasu a 1899, amma har gobe ana karanta ta a jami'o'insu, manyan marubutansu kuma sun sha ɗiba daga kalmominta. Da muka zo nan sai muka tuna waƙoƙin da ƙawayen amarya da tsofaffi ke yi a wajenmu ranar kamu da ranar rakiya, amarya tana kuka a cikin lulluɓi ana yi mata gargaɗi da lallashi. A bikin ƙarshe da kuka je, me aka sa? Lasifika ce, ko ba haka ba? Su waye za su ce a ƙasar Daura ba a yi mata masu baiwar Fedosova ba? An yi su, ba a dai aiko musu da mai alƙalami ba.

Alƙalami kaɗai ma bai isa ba, kuma wata mace ce ta nuna haka. Yevgeniya Lineva, daga 1897, ta riƙa shiga ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya irin ta farko, kakar garmaho, wadda ke zana sauti a jikin wani bututun kaki. Bututu ɗaya mintoci kaɗan yake ɗauka, ga nauyi, ga saurin fashewa, tafiyar kuma ta keken doki. Da ta saurari abin da ta ɗauko sai ta tabbatar da cewa mutanen ƙauye in suna waƙa tare ba murya ɗaya suke bi ba. Kowa yana da 'yar hanyarsa da yake ratsewa ya dawo, haɗuwar hanyoyin ce ke ba da daɗin. Masu rubutawa da kunne daga bakin mutum ɗaya duk sun rasa wannan. Ta buga abin da ta tattara a 1904 da 1909. Ku auna wahalarta da wayar da ke hannun yayarku ko babanku, wadda za ta ɗauki awa biyar ba ta gaji ba.

Amma kada mu yabe su mu wuce gona da iri, domin su ma sun yi tuntuɓe. A 1911 wani mai tattara waƙoƙi, Mitrofan Pyatnitsky, ya kawo manoma daga ƙauyuka suka yi waƙa a gaban manyan Mosko, ƙungiyar da ya kafa tana nan har yau da sunansa. Sai dai da mulkin gurguzu ya kafu, irin waɗannan ƙungiyoyi suka koma na gwamnati, aka ɗinka musu kaya iri ɗaya, aka gyara muryoyin suka yi sumul, aka riƙa tsara musu sababbin waƙoƙin yabon gonakin gwamnati da shugabanni ana kiransu na gargajiya. Sai a 1973 wani matashi, Dmitri Pokrovsky, ya tara 'yan uwansa matasa suka koma ƙauye suka durƙusa gaban tsofaffi don su koyi ta ainihi. Wannan ya tuna mana da ranar al'adu a makarantunmu. Ana ɗaura wa 'yan mata zanen saƙi, a ba su ƙwarya da taɓarya, su yi rawa minti biyar a gaban babban baƙo, a tafa, a tashi. Ba laifi ba ne, mu ma mun yi, har kyauta muka ci. Amma waƙar da muka yi a ranar daga wani fim muka kwaso ta, alhali Kaka tana gida ba wanda ya tambaye ta.

Ba sai mun je Rasha ba ma kafin mu ga amfanin zama gaban tsoho da kunne. A tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya a ƙasar Zazzau tana rubuta labarin rayuwarta da waƙoƙin da take tunawa. Tsohuwar ta rasu a 1951, littafin Baba ta Karo ya fito a 1954, kuma har yau duk mai son sanin yadda matan Hausa suka rayu kafin zuwan Turawa sai ya buɗe shi. Da an yi jinkirin shekara biyu, shi ke nan. A Nijar kuma akwai marigayi Malam Mamman Barka, malamin makaranta da ya zama mawaƙi, wanda iyayenku da ke kama tashoshin tsallake sun san muryarsa. A 2002 ya sami tallafin hukumar UNESCO ya tafi yankin tafkin Chadi wurin wani tsoho, Bukar Tar, wanda ake ganin shi ne gwani na ƙarshe na biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar na masuntan Buduma mai siffar kwale-kwale. Ya zauna ya koya, tsohon ya rasu, shi kuma ya zagaya duniya da biram kafin tasa rasuwar a 2018.

To ga aikin hutun. Kowannenku yana da tsohuwa, in ba a gidansu ba to a maƙwabta. Ku je ku gaishe ta, ba hannu rabbana ba, ko goron hamsin ne ku riƙa. Kada ku fara da zaro waya kamar 'yan jarida, ku fara da hira. Ku tambaye ta yadda aka yi bikinta, wa ya yi mata rakiya, da me ake niƙa a lokacin. In hira ta yi daɗi waƙa za ta leƙo da kanta. Sannan ku nemi izininta kafin ku ɗauka, ku gaya mata abin da za ku yi da shi. In ta ce sai da turmi ko dutse ko jariri a baya, ku nemo mata, mun gaya muku dalili. In da hali ku haɗa tsofaffi biyu ko uku wuri ɗaya. Wannan ne kuskurenmu na farko: mun ɗauki Kaka ita kaɗai, alhali yawancin waƙoƙin nan bayarwa da amshi ne, kuma in ɗaya ta manta ɗaya ke tuna mata. Kuskurenmu na biyu ya fi ban haushi. Mun yi ɗaukar farko da hantsi, daidai lokacin da injin niƙan unguwa yake aiki, da muka zo saurare sai ƙarar injin ta danne waƙar niƙan. Sai da muka sake wahalar da tsohuwa bayan isha'i.

Kafin ta fara, ku faɗi ranar da garin a cikin ɗaukar, ku tambaye ta a wurin wa ta koya, a wane gari, tana da shekara nawa a lokacin. Waƙar da ba a san inda ta fito ba rabin amfaninta ya tafi. In kun koma gida ku rubuta kalmomin a littafi yadda ta faɗe su, kada ku gyara mata Hausa zuwa ta aji. In ta faɗi kalmar da ba ku sani ba, ku koma ku tambaya, a nan ribar take. Kuma kada ku bar abin a waya ɗaya. Waya takan faɗa ruwa, akan sace ta, ƙane yakan goge don ya sa wasa. Ku tura wa wani, ku sa a memori, ku kai wa malamin Hausa na makarantarku kwafi. In kuna da ƙungiyar Hausa, ku ba ta shawara ta buɗe babban littafi ɗaya da kowa zai zuba nasa. Makaranta mai ɗalibi 500, in kowane mutum goma suka kawo waƙa ɗaya, an sami 50 a hutu guda. Masu shirin WAEC da NECO kuma ku tuna akwai adabin baka da al'adu a jarrabawar Hausa, kuma wanda ya ji abu daga tushe ba ya haɗuwa da mai haddar takarda.

Wani abu guda da muke roƙonku: kada ku ɗauki tsohuwa ku watsa ta a TikTok don a yi dariya. Amana ta ba ku. Wasu waƙoƙin akwai sunayen mutane a ciki da jikokinsu ke raye, wasu akwai zagi, wasu akwai maganar manya. Ku rubuta, ku adana, amma ba kowace ce ta shiga kasuwa ba.

Samari kada ku ce wannan harkar mata ce. Tsofaffi maza suna nan da waƙoƙin noma da na gayya, da kirarin farauta, da waƙoƙin tashe da suka yi suna yara a watan azumi, da na wasannin dandali irin su langa. A gari irin namu na kan hanya akwai waɗanda suka yi fatauci da jakuna tsakanin Daura da Matamaye da Damagaram kafin mota ta yawaita. Ku zauna a majalisarsu bayan la'asar ku ji abin da suke rerawa in dare ya yi musu a daji.

Mun san za a sami wanda zai ce waƙa ba abin da ɗalibi zai ɓata lokaci a kai ba ne, ko ya kawo maganar addini. Hukunci na malamai ne ba namu ba, kuma in iyayenku suka hana, ku bari. Za ku ma gamu da tsofaffin da za su ce sun je Makka sun tuba, ba za su ƙara yi ba. Kada ku matsa musu, ku yi godiya ku tashi. Abin da kawai za mu ce shi ne, uwa mai lallashin jariri da mace mai niƙa a ɗakinta ba taron kalangu suke ba, kuma a cikin abin da Kaka ta rera mana da salati ta buɗe, da addu'a ta rufe. Tsofaffi da yawa ma da waƙoƙin wa'azi da na bege suke aikinsu, waɗannan su ma a ɗauko su.

Mu dai namu aikin bai ƙare ba. Kaka ta ce ƙawar tata ta bar ƙanwa a wani ƙauye kusa da Matamaye, kuma tare suka tashi suna niƙa a dutse ɗaya, wataƙila tsakiyar waƙar nan tana bakinta. Rufe iyaka na 2019 da na 2023 ya sa zumuncin ya yi sanyi, an daɗe ba a ji ɗuriyarta ba, amma an ce tana nan da ranta. Mun riga mun yi magana da kawunmu zai raka mu da babur a makon farko na hutu, Kaka kuma ta ce in mun samo, mu dawo ta haɗa mana ita daga farko har ƙarshe, muddin za mu sake wanke mata dutse.

Duk wanda ya ɗauko tasa, ya rubuto mana ta adireshin wannan jarida, ya faɗi garin da irin waƙar da abin da ta ƙunsa, za mu kawo wasu a wannan fili da izinin masu su. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.